Kifin Azahar

Shekarar da na ajiye alli, likitan ido a Katsina ya gaya mini cewa ganina ma ya kusa ajiye aiki. Bai faɗa da wannan lafazin ba. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ɓarna a ɓoye, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage kuma za a yi ta lallaɓa shi da maganin ɗigawa. Na tambaye shi shekara nawa suka rage. Ya ce wannan sanin sai Allah. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo, na san muryar da mutum ke amfani da ita idan ya san amsa amma ba ya son ya faɗa.

A motar dawowa Daura na rufe idon dama da tafin hannu don in gwada na hagu. Ƙeyar direba kawai na gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Sauran fasinjoji duk sun ɓace, sai muryoyinsu.

Ba makantar ce ta fi tayar mini da hankali ba, zaure ne. Wan mahaifina ya makance ina ƙarami. Mutum ne da ya kai shanu Kudu da ƙafa, amma ya ƙare shekara goma sha ɗaya a kan buzu a zauren gidanmu, ana miƙo masa abubuwa. A miƙo masa fura, a miƙo masa buta, a miƙo masa labarin gari. Hannunsa kullum a buɗe yake bisa gwiwa. Ba roƙo yake yi ba, hannun ne ya saba da jiran abin da zai zo. Wannan hannun na yi ta gani tun daga Katsina har tashar Daura. Na ƙudurta kafin duhu ya rufe sai na koyi aiki guda ɗaya da hannuna zai yi da kansa, aikin da ba ya bukatar ido, wanda kuma ba wanda zai miƙo mini shi.

Littattafan Turawa da aka cusa mana a kwalejin horon malamai cike suke da tsofaffi masu zama bakin rafi da ƙugiya, ba don yunwa ba, don jin daɗi kawai. Na tuna an ce ƙwararre a cikinsu ba ya ma kallon ruwa, a yatsa yake jin motsin kifi. Da muna samari dariya muke musu. Yanzu na ga ashe akwai abin ɗauka.

Maiɗakina kaɗai na gaya wa maganar likita, kuma ita na fara gaya wa wannan shawarar. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Kamun kifi kuma, Malam? A zuriyarku wa ya taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa?"

"Ba shiga zan yi ba, Hajiya. A baki zan zauna."

"To ka zauna a bakin randa mana, ta fi kusa."

Amma da safe na tarar ta wanke mini tsohon bokitin fenti, ta sa a ƙofar ɗaki.

Ranar kasuwar Mai'aduwa na sayo ƙugiya da zaren lilo da doguwar sandar gora. Akwai wani ƙaramin dam a kan hanyar Baure, wanda masu lambu ke ja da injin, masunta kuma ke ci daga abin da ya rage. Can na nufa a bayan babur ɗin haya, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, sanda a kafaɗa kamar mai zuwa kaɗo mangwaro.

A ƙasarmu ba a faɗa wa ruwa haka nan. Sai an gaida sarkin ruwa. Na same shi a gindin marke yana ɗinkin raga, tsoho ne mai ƙafafu kamar itace. Na ajiye goro, na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ya dubi babbar rigata, ya dubi tabarau, ya dubi bokitin fenti.

"Malam, gado ne ko haye?"

"Ba ko ɗaya. Sha'awa ce."

"Sha'awa," ya maimaita a hankali. "To, Allah ya rufa asiri. Ruwa na Allah ne. Zauna inda ka ga dama."

Na ɗauka addu'a ce irin ta kullum, na ce amin. Ban yi tunanin cewa a duk faɗin masarautar nan babu mahaluƙin da ya taɓa zuwa su don sha'awa ba. Su sana'a ce, ana gadonta, ko kuma wuya ta tura mutum.

Ina ƙoƙarin ƙulla zare wani magidanci ya fito daga ruwa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya durƙusa har ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam. Ba ka gane ni ba. Aji huɗu, layin baya, kusa da taga."

Na matso da fuskata. "Mai zuwa a makare?"

"Shi ne, Malam."

Na sha ba shi bulala a kan makara. Sai ranar nan, bayan shekara talatin, na ji dalili: da asuba yake bin mahaifinsa duba raga kafin ya rugo makaranta. Ya bari a aji biyar. Ya faɗa yana dariya, ba tare da wani ƙulli a rai ba, ya karɓi zaren daga hannuna ya kwance abin da na ƙulla.

Shi ya koya mini komai. Inda ake tonon tana a gefen lambu, da yadda ake zura ta a ƙugiya har ƙarfen ya ɓuya. Ya yanko guntun tsohon silifa ruwan ɗorawa ya ɗaura a zaren, ya ce shi zan riƙa kallo a saman ruwa.

"Da ka ga ya nutse, ka fizga. Kada ka tsaya yi wa kifi bayani, Malam. Fizga kawai."

Mako uku ina zuwa, ban kama ko ɗan tsito ba. Ban gaya wa kowa cewa silifan nan ɓace mini yake yi ba. Rana ta daki ruwa, ruwa ya zama farin allo, in kawar da ido kaɗan sai in neme shi in rasa. Kafin in gano shi an gama cin abinci an watse. In jawo ƙugiya fes, kamar an wanke ta. Na koyar da dubban yara, amma ban taɓa samun ajin da ke zuwa a kan lokaci, ya cinye abin da aka kawo, ya tafi ba tare da malami ya ga fuskar ko ɗaya ba, sai wannan.

Da la'asar in ratsa ta cikin lambu da bokiti yana ƙara a hannuna. Masu ban ruwa su dakata su gaishe ni. "Sannu Malam. Allah ya kawo sauƙi." Na yi mamakin wannan gaisuwa, tunda ban ce wa kowa ba ni da lafiya ba.

Akwai wata inuwar darbejiya a can sama, inda masunta da masu lambu ke haɗuwa sallar azahar. Nakan kafa sandata a cikin laka, in bar ƙugiya a ruwa, in hau. Wata Talata na sauko daga salla na tarar sandar ta lanƙwashe tana rawa. Na manta da shekaruna, na manta da babbar riga. Na fizga. Karfasa ce, faɗin tafin hannuna, tana ta bugun iska.

Ba zan ɓoye ba, na yi farin cikin da rabona da irinsa tun ranar da aka ba ni hedimasta. A bayan babur na rungume bokitin kamar jariri. Hajiya ta karɓa, ta juya kifin, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Barka, Malam." Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Daga nan kusan kullum sai na samu. Ɗaya, kullum ɗaya, kuma kullum bayan azahar. Mutumin da ya yi rayuwarsa a makaranta ba ya ganin abu ya maimaita kansa sau uku ya ƙyale shi ba ƙa'ida. Na sayi littafin rubutu na ja layi. Na gano cewa lokacin salla ana kashe injinan ban ruwa, ruwa ya yi tsit, kifi ya saki jiki ya matso baki. Na bayyana wa abokan hirata wannan a majalisarmu ta ƙofar gida, da misalai. Na bayyana wa sarkin ruwa ma. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ilimi ke nan."

Tsohon ɗalibina kuwa halinsa na nan. Kullum sai a raka'a ta biyu ko ta uku yake riskar jam'i, wandonsa na ɗigar da ruwa a ƙarshen sahu. Na ce masa wata rana, "Kai dai har yanzu ba ka bar makara ba." Ya sosa ƙeya ya ce, "Aiki ne, Malam."

Ban manta da abin da ya kawo ni ba. A gida nakan zauna a tsakar gida in rufe ido, in yi ta maimaita darasi: ƙulla zare, zura tana, cire ƙugiya daga bakin kifi ba tare da ƙayar baya ta soke ni ba. Ina so yatsuna su haddace. Wata rana da yamma, ido a rufe, ina shafa karfasar ranar daga kai zuwa wutsiya, sai babban yatsana ya faɗa wani wuri mai santsi a bayan kai. Na bi shi. Ya zagaye wuyan kifin kamar zobe, ɓawon wurin duk ya goge.

"Hajiya, wannan ciwo ne ko halitta?"

Tana fifita gawayi. Ta ci gaba da fifitawa.

"Hajiya."

"Shekara arba'in ina sayen kifi, Malam," ta ce. "Wannan shaidar kalli ce. Ragar da ake shimfiɗawa a ruwa, kifi ya cusa kai ya maƙale. In ya yi ta fizge-fizge sai zaren ya goge masa wuya."

"Amma a ƙugiyata na same shi."

"Haka ne."

Na zauna da kifin a hannu. Ƙa'idata ta injin ban ruwa, da layukan da na ja a littafi, da jawabin majalisa, duk suka zo suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun na farko."

"Kika yi shiru."

"Tun da ka dawo daga wurin likita ba ka cinye malmala ɗaya ba. Ranar ka ci biyu. Me zan ce?"

Washegari na yi salla a ƙarshen sahu. A raka'a ta biyu tsohon ɗalibina ya zo ya tsaya kusa da ni, sanyin wandonsa na taɓa ƙafata. Bayan an shafa addu'a na riƙe hannun rigarsa har kowa ya watse.

"Kifin da ke jirana a ƙasa, shi ma yana da zobe a wuya?"

Bai yi musu ba. Ya durƙusa kamar yadda yake yi a gaban tebur shekara talatin da suka wuce, ya kafa ido a ƙasa. Ya ce a mako na uku sarkin ruwa ya tara su. Ya ce musu mutum irin Malam, mai shekaru, mai mutunci a gari, ba zai zo ya zauna cikin rana da ƙugiya ba sai in gida ya yi tsanani, kuma kunya ta hana shi faɗa. In an miƙa masa a hannu an tozarta shi. Sai a sa masa a ƙugiya. Suka raba kwanaki, kowa da ranar da zai bayar daga ragarsa, shi ɗalibin nawa kuma nasa aikin ya maƙala kafin a idar da salla.

"Masu lambu ma sun sani?"

"Sun sani, Malam. Amma wallahi ba wanda ya taɓa dariya."

Na yarda da shi, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da sun yi dariya da na sami wanda zan yi fushi da shi.

Sai na gaya masa gaskiya. Na ce abinci na nan a gidana, alhamdu lillahi. Idona ne ke tafiya. Na ce ina so in iya wani abu da kaina kafin ya ƙarasa. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba Malam. Ai da ka faɗa tun farko, da ba ka sha wannan rana ba. Da kullum na kai maka har gida."

A rayuwarsa kaf kifi abinci ne, kuma mai ƙaunarka shi ne wanda ya hutar da kai wahalar nemansa. Na ce kawai ya yi mini alkawari ba za a sake taɓa ƙugiyata ba. Ya ce ya yi.

Daga ranar nakan naɗe zarena in hau da sandar wurin salla, in jingine ta a darbejiya. Na cire guntun silifan na jefar, tunda dama ba ganinsa nake ba. Na koma naɗa zaren a yatsa, kamar tsofaffin cikin littafi.

Sanyi ya zo ya wuce. Ban kama komai ba. Ina jin ƙananan kifi suna tsakurar tana, wani ɗan motsi kamar bugun jijiya, in fizga, in sami iska. Ko na yi sauri, ko na makara, ba wanda zai iya gaya mini, domin masuntan wurin ba su san kamun yatsa ba, ragarsu ke yi musu aiki. Ruwa kuma ya yi ta ja da baya. Injina na zuƙa, rana na zuƙa. Inda na fara zama a farkon zuwana ya zama gonar albasa. Kowane mako sai na ƙara taku ashirin a cikin busasshiyar laka kafin in kai baki. Tsohon ɗalibina ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa manyan sun koma tsakiya, bakin nan ba kowa sai 'ya'ya. Ya ce in ina so ya ɗauke ni a kwale-kwale, ya zaunar da ni daidai inda suke, ya riƙe mini sandar in ta yi nauyi. Na gode masa.

A majalisa an daina tambayata labarin kifi. Na gane su ma labari ya kai musu, ba na ido ba, na cewa gidana ya yi tsanani. Wani tsohon abokin aikina ya aiko da kwanon gero ba tare da wani dalili ba.

Cikin bazara idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Mai babur ya fara riƙe mini hannu daga bakin hanya zuwa ruwa, na bar shi, don sau biyu na faɗa ramin ban ruwa.

Wata rana bayan azahar, zafi ya yi zafi, na zauna na jefa ƙugiya, zare a yatsa. Ban san lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ni ba, ban kuma san tsawonsa ba. Abin da ya tashe ni ja ne, ja mai ƙarfi, har zaren ya yanke mini fata. Ban yi wa kowa bayani ba, na fizga. Wani abu mai nauyi ya faɗo a laka kusa da ƙafata yana mutsu-mutsu.

Na lalube shi da hannu biyu. Gashin baki, faffaɗan kai, jiki sumul. Tarwaɗa ce. Yatsana ya tafi bayan kanta da kansa, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ko'ina santsi. Tarwaɗa ba ta da ɓawon da zai goge.

Na ji motsin ruwa a wani wuri, ban iya cewa kusa ko nesa ba. Na ɗaga murya.

"Kai ne?"

"Na'am, Malam?" Muryar tsohon ɗalibina ta zo daga hagu, ɓangaren da ba na gani.

"Kai ka sa?"

"Malam, ai na yi maka alkawari."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ina can wurin ragata. Kai, wannan babba ce. Barka, Malam. Hannu ya faɗa."

Ya faɗa da murna sosai. Amma da irin wannan murnar ya yi mini barka a kan karfasa ashirin da wani abu. Na taɓa ƙafar wandonsa da ya matso, a jiƙe take. Wandon masunci kullum a jiƙe yake.

A gida na miƙa wa Hajiya bokitin, na tsaya a kanta. Na ji ta ɗaga kifin, ta juya shi, ta daɗe.

"Me kika gani?"

"Tarwaɗa ba ta riƙe shaida, Malam."

"Na sani. Ke me kika gani?"

"Na ga kifi," ta ce. "Da yaji kake so ko a miya?"

Na ci. Yana da daɗi. Na yi ta tunanin ko mutum zai iya jawo zaren da ke naɗe a yatsan mai barci, ya maƙala kifi, ya mayar, ba tare da ya tashe shi ba. Wanda ya yi shekara talatin yana cire kifi daga raga ba tare da ya tsinka zare ɗaya ba, zai iya. Wataƙila kuma bai yi ba. Wataƙila wannan tarwaɗar tawa ce, ita kaɗai a duniya, ta zo ina barci. Na gane kuma ko na koma sau ɗari, ko na kama ɗari, haka zan riƙa tsayawa da kifi a hannu ina tambayar mutanen da suke ƙaunata, su kuma suna ba ni amsar da ta dace.

Da ruwan farko ya sauka hanyar dam ta lalace, likita kuma ya ce kada in sake zuwa bakin ruwa ni kaɗai. Ban yi gardama ba. Sandar gora na jingine a kusurwar zaure, Hajiya na amfani da ita wajen kakkaɓe yanar gizo. Wannan rubutun ma da alƙalamin maka mai kaurin baki nake yinsa, layi huɗu a shafi, hancina na kusan taɓa takarda.

A zauren nake wuni yanzu, ya fi iska. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci tsohon ɗalibina na zuwa a kan kekensa, a makare, da kifi biyu ko uku a leda. Yakan durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni labarin ruwa, inda ya kawo bana, da wanda ragarsa ta yage. Juma'ar da ta wuce, tun daga ƙarar keken a bakin lungu, kafin ya yi sallama, na ji hannuna a bisa gwiwa, a buɗe.